Ga 'yar uwar da ke son kai yara uku Kano ita kaɗai

Assalamu alaikum. 'Yar uwa da aka ɓoye sunanki, tun jiya da daddare da na karanta tambayarki zuciyata ta ƙi kwanciya, don kamar ni ce na rubuta. Kin ce yara sun samu dogon hutu, kina son kai su Kano wajen Hajiyarki da ta yi shekara biyu ba ta sa su a ido ba, maigidan bai samu hutu a wajen aiki ba, kina tsoron hanya, kin rasa mota za ki bi ko jirgin ƙasa, ga kuma tunanin dawowa ki tarar da hidimar komawa makaranta. Na ga wasu sun ce ki haƙura ki zauna. Ni dai ban goyi bayan haka ba. Ki je. Ni ma haka na yi ta cewa baɗi, baɗi, har aka bugo mini waya cewa Baba ya rasu, autana bai taɓa zama a cinyarsa ba. Amma don Allah kada ki bari wani ya riƙe miki lokacin tashi, ko waye shi.

Abin da ya sa na faɗi haka, a Agustan 2021 ni ma maigidan bai samu zuwa ba, sai ya ce ƙaninsa zai kai mu tunda dama yana da hidima a Kano. Muka yi da shi ana idar da sallar Asuba zai zo Kubwa ya ɗauke mu. Ƙarfe huɗu na tashi, na yi wa yara wanka, na zuba shayi a fulas, na soya ƙwai, jakunkuna na bakin ƙofa. Shida ta yi, bakwai ta yi, shiru. Na kira, ya ce ga shi nan. Goma na sake kira, ya ce wani yake jira zai ba shi saƙo. Aka yi Azahar. Yara sun cinye guzurin, autan ya ɓata kayan da na sa masa har sau biyu. Sai bayan La'asar ya shigo yana dariya, wai "Matar Yaya, ke dai akwai ki da gaggawa, Kaduna ai nan da nan ce, in ya so mu kwana can." Wallahi a raina na san bai kamata in shiga motar nan ba. Kunya ce ta hana ni magana. Ina tunanin kada a ce na raina dangin miji, kada Hajiyarsu ta ji an ce an zo ɗaukata na ƙi. Kawaicin da na yi ranar har yau ina nadamarsa, domin da ran yarana na yi shi.

Kun san yadda hanyar Abuja zuwa Kaduna take a lokacin, ana aiki, a rufe hannu ɗaya a mayar da kowa ɗayan. Muka sha cunkoso a Zuba, muka ƙara shan wani a Tafa wajen tireloli. Muna wuce Jere na fara jin wari kamar roba na ƙonewa. Na ce masa, ya ce ba komai. Ba mu kai Katari ba hayaƙi ya turnuƙe gaban motar, ta mutu. Ashe lagireto na yoyo tun a Abuja, ya sani, jarkar ruwa ya sa a but yana ƙarawa, bai gaya wa yayansa ba. Rana ta faɗi, ga hadari ya haɗo, daji hagu da dama, ciyawa ta fi tsayin mutum. Ya buɗe gaban motar ya duba, ya tsayar da wani mai babur, ya ce mini bari ya je ya nemo bakanike yanzu zai dawo. Kafin in buɗe baki ya haye sun tafi. Ya bar ni da yara uku a gefen titi, wayata saura kashi huɗu, don yara sun yi ta wasa da ita duk yinin da muka yi muna jiransa.

'Yan uwa, ban taɓa sanin tsoro ba sai ranar. Da farko motoci na wucewa, ina ɗan samun natsuwa da haskensu. Can sai na lura babu motar da ke tahowa daga wajen Kaduna. Ko ɗaya. Duk wanda ya saba da hanyar nan ya san abin da hakan ke nufi, wato masu garkuwa da mutane sun tare hanya. Sai ga motocin da suka wuce mu suna juyowa a guje, wani direba ya leƙo yana ɗaga hannu yana cewa "Ku koma! Ku koma!" Ina zan koma? Cikina ya ɗuri ruwa, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na goya autan, na kama hannun biyun, muka gangara bayan wata rumfar masu sayar da gawayi da aka tashi aka bari. Na zaunar da su a kan buhu, na lulluɓe mu da hijabina. Babbar, lokacin shekararta tara, ba ta yi kuka ba, sai ta matso kunnena ta ce, "Mama, su ne? In sun zo in ba su ɗan kunnena?" Ta riga ta cire shi ta damƙe a hannu. Ina jin bugun zuciyarta a jikina. Autan ya fara kukan yunwa, na toshe masa baki da nono ina karanta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, bakina na rawa, in kai tsakiya in manta in sake farowa. Sauro kuwa ba a magana. Ga yayyafi ya fara. Na kira maigidan, ina cewa "Abban yara muna" wayar ta mutu. Har yau in na tuna halin da na bar bawan Allahn nan a ciki da rabin magana sai in ji hawaye.

Ban san minti nawa muka yi ba, daga baya aka ce bai kai awa ɗaya ba. Allah ya kawo wani dattijo direban motar haya da ya juyo, ya ga mota a buɗe da takalmin yaro a ƙasa, ya tsaya yana kiran "Akwai mutane?" Na daɗe kafin in amsa. Ya matsa wa fasinjojinsa suka ɗora yarana a cinya, ya mayar da mu Jere, matar wani mai shayi ta ba mu tabarma muka kwana a ɗakinta. Ko sunansa ban tambaya ba, kullum yana cikin addu'ata. Shi kuwa ƙanin maigidan sai wajen tara na dare ya neme mu. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da muka isa Kano ya riga ni ba da labari, ya ce wa Hajiyarsu ba abin da ya faru, tsoro ne irin na mata, na tayar wa kowa da hankali a banza. Aka yi ta dariya a tsakar gida ina zaune. Har yau, shekara nawa ke nan, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Muna gaisawa saboda zumunci, yara na ce masa Baffa, amma ban ƙara shiga motarsa ba kuma ba zan ƙara ba. Wata uku bayan nan, cikin Nuwamba, aka tare hanyar kusa da Rijana aka kashe Sagir Hamidu, wanda ya nemi takarar gwamnan Zamfara, aka kwashi mutane. Ranar da na ji labarin amai na yi ta yi.

To batun mota ko jirgi. Bayan abin nan na koma jirgin ƙasa, sai ga harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, a yankin Katarin nan dai, mutane suka yi wata da watanni a daji, na ƙarshensu sai Oktoba aka sako su, jirgin ma bai dawo aiki ba sai Disamba. Don haka ba zan ce miki ga wanda babu haɗari ba, tsaro na Allah ne. Amma da yara uku ni jirgin nake bi, na safe, ko daga Idu ko Kubwa zuwa tashar Rigasa a Kaduna. Akwai banɗaki, yaro zai miƙe ƙafa, ba mai tsayar da ke a daji don ya ƙara ruwa a mota. Ki sayi tikiti ta intanet da wuri don lokacin hutu yana ƙarewa, ki tanadi lambarki ta NIN da katin shaida a jakar hannu. Ki tuna Rigasa ba Kano ba ce, akwai sauran tafiyar awa uku ko fiye ta Zariya da Kwanar Dangora. Tun kafin ki bar gida ki san wanda zai ɗauke ki a tashar, ko ki wuce Kawo ki shiga motar layi a cikin tasha. Kada ki shiga ta bakin titi don sauƙin kuɗi, ko da kin ga mata a ciki. In kuma da hali jirgin sama bai kai awa ɗaya ba zuwa Kano, sai dai duk yaron da ya kai shekara biyu sai an biya masa kujera, ni dai aljihuna bai kai nan ba.

In motar gida ce, ki sa maigidan ya kai ta wajen bakanike da kansa kwana biyu kafin tafiya, taya da birki da ruwa. Ki faɗa a gabansa da gaban direban, in ƙarfe bakwai ta wuce ba a tashi ba an fasa sai gobe. Ki faɗa da murmushi amma ki tsaya a kai. Duk wanda zai ji haushi ya ji.

Waya kuma, ki hana yara taɓa ta ranar tafiya. Ni yanzu har ƙaramar waya mai maɓalli nake ɗauka da layi daban, cike da caji, a cikin zanin goyo. Lambar gaggawa 112, ta jami'an kiyaye haɗurra 122. Kowane yaro na rubuta lambar babansa da ta ƙanwata a takarda na sa masa a aljihu, manyan kuma sun haddace. Kuma don girman Allah ki bar sa hoto a sitatus ana "Kano ta dabo ga mu nan". Ba ki san wa ke kallo ba, kuma kin sanar gidanki babu kowa da rana. Ki bari sai kin dawo ki sa duk abin da kike so. Gwal ki bar shi a gida. Ni tun ranar da yarinyar nan ta cire ɗan kunnenta ban ƙara sa musu komai a hanya ba. Ku karanta addu'ar hawa abin hawa tare da su da ƙarfi, Subhanallazi sakhkhara lana haza, yana kwantar musu da hankali, ni ma haka.

Wani abu da ba ki tambaya ba, tsaraba. Kada ki kashe kanki. Shekarar farko na ci bashi na sayi atamfa da turare na kowa da kowa, ƙannen miji da matan yayye, aka karɓa ana yatsina, wata ma ta ce ita ta zaci leshi ne tunda daga Abuja. Na dawo babu kuɗin littattafai. Yanzu Hajiyata da surukata kawai nake yi wa na musamman, sauran sabulu da alawar yara. Kuma ki raba kwanakin tun daga nan ki gaya wa maigidan, kaza a gidanku kaza a gidansu, in ba haka ba za ki je don mahaifiyarki ki ƙare a kicin ɗin gidan miji kina tuƙa tuwon mutum ashirin.

Dawowa kuwa, nan ne na sha wahala ta biyu. Waccan shekarar ta 2021 saboda tsoron hanya na yi ta ɗaga ranar dawowa har sai ranar Asabar, Litinin makaranta. Na buɗe ƙofa wari ya buge ni. Wuta ta lalace a layinmu kwana da kwanaki, maigidan yana fita da sassafe ya dawo dare bai buɗe firiza ba, naman layyar da na adana duk ya ruɓe, ruwansa ya gangaro har ƙarƙashin buhun shinkafa. Yarinyar da ke taya ni aiki ta tafi garinsu ba ta dawo ba. Kayan makarantar na tsakiyan sun ɗage masa, takalmi ya matse, ga wanki jaka uku, ga gas ya ƙare. Daren Lahadi ina guga ina kuka. Ranar Laraba kuma zazzaɓi ya kwantar da biyu. Likita ta ce mini cizon sauro yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu kafin ya nuna, wato a can suka kwaso. Agusta ce, ki tafi da gidan sauronki, kada ki ji kunyar ɗaura shi a gidan kowa. In masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na 'yan ƙasa da shekara biyar sun zo kina can, ki karɓa wa ƙaramin. Farasitamol da garin gishiri da sukari na gudawa su zauna a jakarki, canjin ruwa na taɓa cikin yara.

Ki dawo aƙalla kwana biyar kafin a koma. Kafin ki tafi ki biya abin da za ki iya na kuɗin makaranta, ki auna musu yunifom ki kai wa tela, ki kwashe firiza ki soya naman ko ki bayar. Wankin can ki yi shi a can, ki dawo da kaya masu tsabta. Barcinsu ma sai kin gyara, don a gidan kaka har sha ɗayan dare suna tsakar gida, kwana uku kafin makaranta ki fara kwantar da su bayan Isha'i. Haddarsu ta Islamiyya ki sa wani ya riƙa karɓa ko shafi ɗaya ne a rana, nawa sun dawo sun zubar da rabin izu, malaminsu har gida ya aiko.

Na yi tsawo, ku yi haƙuri, abin ne ya taso mini. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa ki tarar da Hajiya cikin ƙoshin lafiya. In kun sauka ki sanar da mai kula da zauren nan ta gaya mana, don ni dai zan yi ta duba waya ranar.