Ramin Kwamin Ninkaya Ya Koma Rijiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Fadaman Mada cikin garin Bauchi. Yarana sun ishe ni da maganar ninkaya, ni kuma ba na son zuwansu otal, shi ne na ce bari in gina musu ɗan kwami a bayan gida, tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita ɗaya da rabi. An fara haƙa a ƙarshen watan Yuli. Ana wuce ƙugu ƙasa ta fara jiƙewa. Yanzu kullum muka kwashe ruwa da yamma, kafin gari ya waye ya dawo har ƙirjin mutum. Birkilana ya ce ba komai, a barbaɗa busasshen siminti ya shanye ruwan, a tayar da bango da bulo inci 9, a yi filasta da maganin hana ruwa. Na riga na sayi siminti buhu 120 da rodi. In bi maganarsa ko in dakata? (Mai karatu daga Bauchi)

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dakata. Yau ɗin nan ka sa a ɗora buhunan a kan katako, a janye su daga jikin bango, a lulluɓe da leda, domin simintin da ya sha danshin damina dunƙulewa yake yi tun a cikin buhu.

Ai sunan unguwarku ma ya ba da rabin amsa. Waɗanda suka kira wurin fadama ba su yi don ado ba. Garin Bauchi a kan dutse yake zaune, irin wanda kake gani ya leƙo a Dutsen Tanshi, har akwai wani nau'in dutse da masana suka laƙaba wa sunan garin, bauchite. A saman dutsen akwai ƙasar da ta rududduge daga jikinsa. Idan an yi ruwa yakan nutse cikin wannan ƙasa, ya tarar da dutse ya tare masa hanya, sai ya karkata yana bin gangare ta ƙarƙashi zuwa wurare masu kwari. Kai kuma ka je ka buɗe masa rami a bakin watan Agusta, lokacin marka. Me zai hana shi shiga?

Duk da haka kada mu yanke hukunci daga nesa. Ka leƙa rijiyar maƙwabci mafi kusa, ka zura igiya ka auna inda ruwanta ya tsaya. Idan ya yi daidai da na raminka, to ruwan ƙasa ne. Ka ɗebi na ramin a kwalba ka shinshina. In da ɗoyi ko baƙi-baƙi, wata sokawe ce ke yoyo, taka ko ta maƙwabci, kuma wannan sai an gyara kafin a yi zancen wurin da yara za su yi wanka. Ka rufe famfon gidan gaba ɗaya na kwana biyu ka ga ko ya ragu, don na sha ganin bututun da diga ta fasa ana ta zargin idon ruwa. Sannan ka duba indararo, kada ya zama ruwan rufin ɗakinka ne ke kwarara ciki.

Maganar birkilanka kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ba za ta yi ba. Busasshen siminti a cikin ruwa mai motsi taɓo yake zama, ruwan ya wanke shi ya bar yashi. Bulo inci 9 an yi shi ne don ɗaukar nauyi daga sama, ba ya jure turi daga gefe, ga shi yana shan ruwa kamar soso. Filasta kuma komai maganin da aka sa mata, idan ruwa na turo ta daga baya, ɓamɓarewa za ta yi tare da tayil ɗin da ke kanta.

Amma abin da ya fi damuna ba yoyo ba ne. Kwamin kankare idan babu ruwa a cikinsa kwalekwale ne. Mu yi lissafi da naka. Idan bango da daɓe suka yi kaurin santimita 20, shimfiɗar kwamin daga waje za ta kai murabba'in mita 37. Tankin ruwa mai lita 1,000 nauyinsa tan ɗaya ne. Idan ruwan ƙasa ya tsaya mita 1.2 sama da ƙasan daɓen, kwamin ya tare wurin ruwan da zai cika irin wannan tanki 44, don haka ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya kai tan 44. Shi kuwa kankaren gaba ɗaya, bango da daɓe, bai wuce tan 36 ba. Ka ga wanda zai yi rinjaye.

Ban karanta wannan a takarda kawai ba. Farkon fara aikina na kula da ginin wani tankin ƙasa, muka gama shi tsaf a rani, muka cika shi da ruwa, bai zubar da ko ɗigo ba. Da damina ta yi nisa mai gidan ya sa aka kwashe ruwan don a wanke. Aka kwana ana ruwa. Da safe na tarar kusurwa ɗaya ta ɗago har tafin hannuna na shiga ƙarƙashin bakin, bututun da ya shiga jikinsa ya karye kamar kara. Ban manta kallon da mai gidan ya yi mini ba, kuma laifina ne, don ban gaya masa kada a bar shi fayau a damina ba.

Saboda haka shawarata ta farko mai sauƙi ce, kuma ita ce ba za ka so ji ba: ka killace ramin, ka bari sai rani. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwan ƙasa yakan ja baya sosai, wataƙila ka tarar da ramin a bushe ƙayau. Simintin ka sayar ko ka yi wani aikin da shi, don ba zai jira ka wata shida ba. Sai dai ka sa alama a inda ruwan ya kai yanzu, domin da wannan alamar za a yi lissafin ginin. Ruwan da ya tafi a rani zai dawo a Agusta.

Idan kuma ka matsu, ko ka ga ruwan bai ja ba, to a ba shi hanya, tunda ba a toshe shi. A wajen shimfiɗar kwamin, ta ɓangaren da ya fi zurfi, a haƙa ƙaramar rijiya da ta zarce ƙasan ramin da kamar santimita 60. A huhhuda durom ko babban bututu, a tsayar a ciki, a zagaye shi da tsakuwa. A ƙara wa ramin zurfi, a shimfiɗa tsakuwar fasasshen dutse mai kaurin santimita 20 zuwa 30, da bututu masu huji a kwance cikinta suna gangarawa zuwa rijiyar. Injin ban ruwa ya riƙa ja daga nan dare da rana. A kan tsakuwar a yi ɗan siririn kankare na share fage, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan mai ɗaurin rodi ya shigo. Injin ba zai huta ba ranar zubi da kwanakin da ke biye, don haka a tanadi mai, a kuma ajiye inji na biyu. Na ga aikin da ya lalace saboda mai gadi ya kashe inji da tsakar dare wai ƙara ta hana shi barci.

Ka riƙa duba ruwan da injin ke fitarwa. Idan garau yake, madalla. Idan da laka da yashi, to ƙasar ƙarƙashin katangarka ko harsashin ɗakinka kake zuƙewa, a tsaya nan take. Tazarar ramin da kowane gini kada ta gaza zurfinsa.

Kankaren ya zama mai ƙarfi: buhu ɗaya, kwanon sarki 3 na yashi mai kaifi, 6 na tsakuwa, ruwa kaɗan. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi daɗin zubi, amma shi ne ke barin ƙofofin da ruwa ke bi. A yi amfani da injin girgiza. A wannan kwaɓin buhu 120 ba zai kai ka ƙarshen aikin ba. Inda bango ya haɗu da daɓe, nan ne yoyo ya fi farawa, sai a binne robar tare ruwa a tsakiyar mahaɗar tun ranar zuba daɓe. A bar daɓen ya zarce bango da kamar rabin mita ta kowane gefe, ƙasar da za a mayar ta danne shi. A ƙasan kwamin a sa bawul ɗin da ke buɗewa da kansa idan ruwan ƙasa ya yi ƙarfi. A yi ta ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai kwana 28 yake cika. Girman rodi da tazararsa ba zan faɗa daga nan ba, ka nemi injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zo ya ga ƙasar da idonsa. Ita kuma ƙaramar rijiyar kada a cike ta. A yi mata murfi mai kwaɗo, duk ranar da za a kwashe ruwan kwamin a fara leƙa ta.

Kafin duk wannan, Alhaji, a daren yau akwai ruwa har ƙirji a bayan gidanka, ga yaran da suka ƙosa su yi ninkaya. A kewaye ramin da kwano ko waya, a sa ƙofa a kulle. Kada lebura ya shiga gindin gefen da ya jiƙe, jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta sallama kafin ta rufta. In injin na lantarki ne, kada kowa ya taka ruwan sai an zare waya.

TAMBAYA: Injiniya, namu kwamin an gama shi bara, amma tun shigowar hunturu ruwan ke raguwa. Yoyo ne? (Wata mai karatu daga Gombe)

AMSA: Hajiya, iskar hunturu kaɗai na shan ruwa ba kaɗan ba. Ki cika bokiti, ki ajiye a kan matakalar kwamin yadda ruwan ciki da na waje za su yi kai ɗaya, ki sa alama a duka biyun, a kashe inji. Gobe war haka ki duba. Idan tare suka sauka, iska ce. Idan na kwamin ya fi sauka, a fara bincike daga bakin bututu da wurin fitila kafin a taɓa tayil ko ɗaya.