Amsa ga 'yar'uwar da ke jinyar mahaifiyarta a Marwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, Allah Ya ba Inna lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri. Kin ce ta shekara shida tana shan maganin taɓin hankali, kwanan nan ganinta ya fara dushewa, kuma wata mai tallar ƙwayoyin gina jiki ta ce miki maganin asibiti ne ke cinye mata ido, ki ajiye shi ki koma kan nata da aka gwada a Amurka, sefa 25,000 a wata. Ni ba likita ba ne. Malamin makaranta ne ni a Garwa, amma tun 2012 nake jinyar yayana, kuma na taɓa faɗawa ramin da kike tsaye a bakinsa.

A 2018 yayan nawa ya fara cewa yana ganin hazo-hazo, har karatun Alƙur'anin da yake yi bayan asuba ya gagare shi. Wani maƙwabci ya kawo mana kwalba mai hoton ido a jikinta, da irin maganar da aka yi miki. Na saya, na kuma daina ba shi maganinsa ba tare da na shawarci kowa ba. Makonnin farko har na yi murna, domin jikinsa ya saki, nauyin bakin nan ya ragu. Ashe haka abin yake yaudarar mutum, ciwon ba ya dawowa a ranar da aka daina magani. A mako na bakwai barci ya ƙaurace masa, ya koma magana shi kaɗai, wata rana cikin dare ya fita babu takalmi, sai da hantsi muka same shi kusa da gadar Binuwai. Wata huɗu aka yi kafin ya dawo hayyacinsa. Da muka kai shi sashen ido daga baya, abin da aka gano bai taka kara ya karya ba: ƙwayar Artane da ake haɗa masa da Haldol, maganin ciwon nasa, don hana sandarewar jiki tana hana ido ganin abu na kusa, ga shi kuma ya haura shekara 45, lokacin da kowa ke fara nesanta takarda da fuskarsa. Likitansa ya rage adadin ƙwayar, aka yanka masa tabarau, karatu ya dawo.

Binciken da mai tallar take nufi gaskiya ne an yi shi, ba ƙarya ta shirya ba, sai dai ta ɗora masa kayan da ba nasa ba. Sunansa AREDS, cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ce ta gudanar da shi, sakamakon ya fito a 2001. An ba mutane 'yan shekara 55 zuwa 80 haɗin bitamin C miligiram 500, bitamin E, beta-karotin (sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A), zinki miligiram 80 da ɗan sinadarin tagulla, aka bi su shekaru. Ciwo ɗaya tak haɗin ya yi wa amfani, wato lalacewar tsakiyar tantanin bayan ido da ke zuwa da tsufa, wanda likitocinmu ke rubutawa DMLA a takarda. Ko a nan ma, waɗanda ciwon ya riga ya kai musu matsakaicin mataki, ko ya tsananta musu a ido ɗaya, su ne suka amfana, inda haɗarin tsanantarsa ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari a shekara biyar. Bai dawo wa kowa da ganin da ya riga ya tafi ba, bai kare masu lafiyayyen ido ba, kuma bai yi wa yanar ido komai ba. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ita aka tara mutanen nan don a warkar ba.

A 2013 aka fitar da zagaye na biyu, mai mutum fiye da 4,000. A nan aka nuna cewa za a iya cire beta-karotin a sa lutin da ziyazantin, wasu sinadarai da ake samu a ganyaye, a madadinsa, kuma man kifin da ake ta kambamawa bai ƙara komai ba. Dalilin neman cire beta-karotin abin lura ne ga duk gidan da ake jinya irin tamu. Wani gwaji da aka yi a Finlan kan maza mashaya taba kusan 29,000 ya nuna a 1994 cewa sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga waɗanda aka ba ƙwayar. Masu ciwon ƙwaƙwalwa da yawa suna shan taba, yayana yana cikinsu, kuma kwalbar da na saya masa beta-karotin ne a sahun farko na rubutun jikinta. Ban san haka ba sai bayan shekara biyu.

Abin da ya fi makantar da tsofaffinmu a wannan yanki shi ne yanar ido, sai hawan jinin ido. Yanar ido aiki ake yi mata, na ƙasa da awa ɗaya, a cire ƙwayar idon da ta yi fari a sa ta roba, babu wata ƙwayar haɗiya da ke narkar da ita. Kada kuma a bari masu yawo ƙauye-ƙauye su soka mata tsinke su tura yanar ciki, na ga waɗanda aka yi wa haka suka rasa idon gaba ɗaya. Hawan jinin ido ya fi ban tsoro, domin ba ya zafi a mafi yawan lokuta, daga gefe yake cin gani a hankali, kuma abin da ya ci ya tafi ke nan. Duk watan da aka ɓata ana shan ƙwayoyin talla, gani ne ake asararsa.

Saboda haka ki kai Inna a auna ƙarfin ruwan idonta, a ɗiga magani a leƙa bayan idon, a kuma gwada sukarin jininta. Na sa sukari a ciki ne domin wasu sababbin magungunan ƙwaƙwalwa, irin su olanzapin, suna sa ƙiba da hawan sukari, shi kuma sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin bayan ido. Ki tafi da kwalayen magungunanta duka a leda tare da takardar likita, ki zube wa likitan ido su a tebur. Largactil, wani maganin taɓin hankali, idan an daɗe ana shan mai yawa, yana iya barin ɗigo-ɗigo a cikin ido. Artane da Laroxyl, maganin ciwon damuwa, suna busar da baki, su dusashe gani, kuma ga mai irin idon da hanyar ruwansa ƙunci gare ta suna iya tayar da hawan jinin ido farat ɗaya, da jan ido da ciwon kai da amai. Wannan a ranar ake zuwa asibiti. Duk da haka, rage magani ko sauya shi aikin likitan da ya rubuta ne, kuma a hankali suke yi.

Idan Inna ta fara cewa tana ganin mutane ko zane-zane a bango, kada ki yi saurin cewa ciwon ne ya motsa. Wanda ganinsa ya raunana sosai yakan ga irin haka alhali hankalinsa lafiya lau, kuma yakan san abin ba gaskiya ba ne. Ki gaya wa likitocin biyu.

Ba na cewa bitamin ba shi da amfani. Ƙarancin bitamin A shi ke kawo dundumi, shi ya sa ake matse wa yara jar ƙwaya da shuɗiya a baki lokacin rigakafi, tun bayan da binciken Alfred Sommer a Indunusiya ya nuna a 1986 cewa tana rage mutuwar yara. Ƙarancin B12 kan jawo mantuwa da rikicewa ga tsoho, kuma gwajin jini ke nuna shi. Amfanin yana ga wanda ya rasa abin ne a jikinsa. Mai jinya irin Inna, da wani lokaci sai an lallashe ta take cin abinci, ta fi buƙatar a kula da kwanonta. Lutin ɗin da ake sayarwa a kwalba yana cikin zogale da alayyahu da gwaiduwar ƙwai, bitamin A yana cikin manja da mangwaro da hanta, B12 a hanta da kifin Maga, kuma tun 2011 doka ta sa ana ƙara bitamin A a man girkin masana'antu a Kamaru.

Ranar da za ku je sashen ido, ki ba ta maganinta na safe kamar kullum, ki nemi mutum na biyu ya raka ku, ki kuma tafi mata da baƙin tabarau ko mayafi mai kauri, domin bayan an ɗiga maganin buɗe ido hasken ranar Marwa zai dame ta na wasu awoyi, ganinta kuma zai ƙara dushewa kafin ya koma yadda yake. Ki gaya mata haka tun a gida. Yayana bai sani ba, ya ɗauka makantar da shi aka yi, sai da ƙyar muka sa shi a mota.