Sanyin Minnesota ya ishe ni: wane gari zan koma da iyalina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a Minneapolis ta jihar Minnesota a Amurka, ina da mata da yara biyu. Gaskiya sanyin nan ya ishe mu, daga Nuwamba zuwa Maris kusan a kulle muke. Ni kuwa mutum ne mai son tattaki a daji da hawan keke, yaran kuma suna son kamun kifi. Wasu abokai sun ce Phoenix, wasu sun ce Denver, maiɗakina kuma ta fi karkata ga Houston saboda 'yan'uwa. Aikina ana samunsa ko'ina. Ina ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukanka yana kan hanya. A Minneapolis matsakaicin yanayin watan Janairu yana wajen digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara kuma ta haura mita ɗaya. Wanda ya taso da rana a kansa ba laifi ba ne in ya gaji.

Sai dai kada ka zaɓi gari da watan Janairu kaɗai. Ka ɗauki takarda ka lissafa watanni nawa ne a shekara za ka iya fita da yara da rana tsaka, ku yi awa uku a waje ku dawo lafiya. Mafi yawan garuruwan da ke rage wa mutum sanyi suna karɓar kuɗinsu a lokacin zafi, kuma masu tallar gidaje ba sa faɗin wannan.

Phoenix ce babban misali. A Janairu zafin rana yana kaiwa digiri 19 ko 20, sama tas, duwatsu a cikin gari. Amma a shekarar 2023 garin ya yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye, kuma a wannan shekarar gundumar Maricopa, inda Phoenix take, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu. A 2024 an yi kwana 113 a jere zafi yana kai digiri 38. Hukumar birnin takan rufe hanyoyin hawan dutsen Camelback da na Piestewa da rana in an yi gargaɗin tsananin zafi. Na san za ka ce ai mu 'yan rana ne. Haka ne, amma kwalta da siminti suna riƙe zafin har dare, kuma yaran da suka girma a Minnesota jikinsu bai san wannan ba. Wata huɗu a kulle saboda sanyi, ka musanya da wata huɗu a kulle saboda zafi: an gudu ba a tsira ba.

Denver ta jihar Colorado kuwa ba ta rabu da dusar ƙanƙara ba, abin da ke zuba a can kusan ɗaya ne da na Minneapolis. Bambancin shi ne rana tana fitowa ta narkar da ita cikin kwana biyu ko uku, kuma zafin rana a Janairu yana kaiwa digiri 7. Wajen duwatsu babu na biyunta, gandun dajin Rocky Mountain tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Gidaje dai da tsada, kuma babbar hanyar I-70 da ke shiga duwatsun tana cunkushewa duk ƙarshen mako.

A nan akwai abin da nake roƙonka ka duba kafin komai, domin ya shafe mu fiye da maƙwabtanka Turawa. Denver tana bisa tudu mai tsayin mita 1,609 daga doron teku, wuraren da za ka riƙa hawa kuma sun haura mita 3,000. Iskar can ba ta da wadatar iskar shaƙa kamar ta ƙasa. In akwai mai ciwon sikila a gidanka, irin wannan tudu yana iya tayar masa da ciwo. Ko mai rukunin jini AS, wanda bai taɓa kwanciya ba, an sha samun saifarsa ta sami matsala in ya yi aikin ƙarfi a saman dutse. Kai ma'aikacin lafiya ne, ka san wannan, amma mutum yakan manta da abin da ya sani in yana kallon hotunan tsaunuka. Ku tabbatar da rukunin jinin kowa, ku yi magana da likitan yaran.

In jinin kowa AA ne, to ka saka Albuquerque ta jihar New Mexico a lissafi, don a ganina ta fi Denver dacewa da abin da ka nema. Tsayinta kusan ɗaya da Denver, amma dusar ƙanƙararta kaɗan ce ƙwarai. Sanyinta irin na hunturu ne: busasshe, da asuba ya ratsa ƙashi, kafin azahar ka cire rigar sanyi, leɓe da ƙafa su yi ta tsagewa sai da man shafawa. Dutsen Sandia yana bakin gari, tsayinsa ya haura mita 3,200, kuma akwai hanyar keke ta Paseo del Bosque mai kusan kilomita 26 a gefen kogin Rio Grande, babu mota ko ɗaya. Haya ta fi ta Denver sauƙi. Rauninta shi ne ƙarancin mutanenmu, kuma sai ka binciki unguwa da makaranta sosai kafin ka kama gida.

Batun Houston, uwargida tana da hujja. 'Yan Najeriya suna da yawa a can, ga masallatai, ga naman halal, ga manyan asibitoci, kuma jihar Texas ba ta karɓar harajin albashi. Amma garin shimfiɗaɗɗe ne, ba dutse ko ɗaya, zafinsa mai gumi ne daga Mayu har Satumba. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Texas mallakin ɗaiɗaikun mutane ce, wato dajin da kowa zai iya shiga bai da yawa, gandun Big Bend kuma tafiyar yini guda ce a mota. Ka kuma tuna Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya kayar da wutar lantarkin jihar, gidaje fiye da miliyan huɗu suka zauna cikin duhu, mutum sama da 200 suka rasu. Gidajen kudu ba a gina su don sanyi ba, shi ya sa ranar da ya zo ya fi yin ɓarna.

Seattle da Portland ba na ba ka shawararsu. Sanyinsu da sauƙi, amma hadari da yayyafi ne wata da watanni, kuma Seattle ta fi Minneapolis kusa da arewa, ranar Disamba ta fi gajarta.

Da ni ne kai, tsakiyar jihar North Carolina zan fara dubawa, musamman Greensboro da Winston-Salem. A Janairu zafin rana yana wajen digiri 9, dare ya ɗan sauka ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara kuwa sau ɗaya ko biyu ta zuba ta narke. A arewacin Greensboro akwai tafkunan Brandt da Townsend da Higgins, an kewaye su da hanyoyin ƙafa da na keke a cikin bishiyoyi, kuma ana kamun kifi a ciki. Ka tashi daga aikin dare, ka yi barci, da la'asar ka ɗauki yara, minti ashirin kun isa bakin ruwa. Wannan ya fi mini tsauni mai suna wanda sai an yi shirin tafiya. Duwatsun Hanging Rock da Pilot Mountain tafiyar kimanin awa ɗaya ce, hanyar Blue Ridge Parkway mai kilomita 755 tana yamma, teku kuma awa uku zuwa huɗu ta gabas. Greensboro ba ta bisa tudu mai tsayi, don haka maganar sikila ba ta taso ba. Abin da zai faranta wa uwargida rai kuma: Greensboro na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi yawa, za ta ji Hausa da Zabarmanci a masallaci da shagunan kayan abincin gida.

Can ma ba a rasa matsala. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi, digiri 31 zuwa 32, da sauro da kaska a cikin ciyawa, sai an riƙa duba jikin yara bayan kowace fita. Da bazara ƙurar furanni tana tayar wa masu asma. Da sanyi akan yi ruwan sama mai daskarewa a kan titi da wayoyin wuta, kuma direbobin can ba su saba da santsi ba kamar na Minnesota. Kada kuma kyawun Asheville, garin duwatsu da ke yammacin jihar, ya ja ka ka sayi gida a kwari: guguwar Helene ta Satumban 2024 ta yi mummunar ambaliya a yankin, mutum sama da 100 suka rasu a jihar. Duk gidan da za ka saya, ka duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta Amurka, domin inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya.

Aikinka ya ba ka damar da wasu ba su da ita. Kwantiragin ma'aikatan jinya masu zuwa aikin wucin gadi a wasu garuruwa yawanci mako 13 ne. Ka nemi ɗaya a Greensboro ko Albuquerque da zai faɗo daga Yuni zuwa Agusta, lokacin hutun makaranta, ka tafi da iyali ku ɗanɗana garin a watanninsa mafi wuya. In ya yi muku, ku kama haya na shekara guda kafin maganar saye. Ka fara neman lasisi tun yanzu, domin Minnesota ba ta cikin yarjejeniyar jihohin da ke amincewa da lasisin jinya na juna, wadda North Carolina da New Mexico da Colorado da Texas duk suke ciki. Sai ka nemi na jihar da za ka je daga hukumar jinyarta, kuma takardun sukan ɗauki makonni.