Amsar Goggo a kan Lefe, Sadaki da Auren Coci a Ingila

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso. Babanka ya saurara, ya yi shiru, sannan ya ce a kawo min. Ka san kai ɗan fari ne, alkunya ba za ta bar shi ya buɗe baki a kan aurenka ba. Ni goggonka kuwa bakina a sake yake.

Ka ce yarinyar Baturiya ce, 'yar Anglika kamarmu, iyayenta suna zaune a birnin Lids na Ingila, kuma a cocinsu kuke so a ɗaura. Ka ce da ka ambaci sadaki mahaifinta ya ɓata fuska, ya ce 'yarsa ba ta sayarwa ba ce. Yanzu kana tambaya ko lefe da sadaki dole ne, kuma in an bar su, ko mutanenmu za su ɗauka aure ya ɗauru.

Kada ka riƙe dattijon a zuciya. A wurinsu kuɗin da ya tashi daga hannun ango ya shiga hannun uban amarya ciniki ne, a al'adarsu ta dā ma uban amarya ne ke ɗaukar nauyin walima. Ka bar maganar sadaki. Abin da ke ɗaura auren Kirista shi ne alkawarin da ku biyu za ku yi da bakinku a gaban Allah da shaidu. Ko a nan gida na sha ganin uban da aka ajiye wa kuɗi, ya ɗauki ɗan abin albarka, ya tura sauran ya ce yara su kama haya.

Lefe kam ka yi, amma ita za a ba, kuma da sunan kyauta. In suka tambaya, ka buɗe musu Farawa sura 24: bawan Ibrahim ya ba Rifkatu kayan zinariya da azurfa da tufafi, ya yi wa uwarta da ɗan'uwanta kyauta, kuma duk da haka sai da aka kira yarinyar aka tambaye ta ko za ta tafi. Akwati ɗaya ya isa. Atamfa uku ko huɗu, leshi ɗaya, ɗankwali, turare, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ko da ba ta iya karantawa ba tukuna. Uwarta a ba ta turmi ɗaya, ubanta hula ko jakar fata. Masu jera akwati goma sha biyu don a ɗauki hoto, ina za ku zuba su a ɗakin haya? Kuma ba zane za ta ɗaura ta fita aiki a sanyin can ba. Kada kowa ya cusa kilishi ko dambun nama a kayan, ba a yarda a shiga da nama daga nan ba, a filin jirgi za a ƙwace.

Wanda ba zan yarda a tsallake ba shi ne gaisuwar iyaye. A can saurayi ne ke zuwa da ƙafarsa ya nemi albarkar uban yarinya, kuma ka yi hakan, ya yi kyau. Amma a wurinmu yaro ba ya nema wa kansa aure. Manya ne ke zuwa su zauna, su ce ga ɗanmu, mun san halinsa, mu ne a bayansa. Baffanka ya nemi biza tun yanzu. In an hana shi, don ana hanawa, ka nemi dattijo ɗan wajenmu da ke zaune can, ya je da matarsa, babanka kuma ya rubuta wasiƙa da hannunsa, a kira shi ta waya su ga juna da surukinsa. Ka san dalili? Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ranar da kuka saɓa, kuma za ku saɓa, yarinyar nan tana bukatar ta san akwai wanda za ta kira a danginka, wanda zai ja maka kunne ka ji. In ba a yi wannan zaman ba, kai kaɗai ta aura, ba ta da kowa a cikinmu, mu ma sai dai mu riƙa ganin ta a hoto.

Sai maganar hukuma, wadda 'yar'uwarka ta riga ka shan zirga-zirgarta. A Cocin Ingila ana sanar da aure Lahadi uku kamar yadda muke yi, amma tun 2015 wannan bai wadatar ba in ɗayanku baƙo ne irinka. Sai kun je ofishin rajista kun ba da sanarwa, bayan kun yi aƙalla kwana 7 a yankin, sannan ku jira kwana 28. Da yake da bizar aiki kake zaune, suna iya ja har kwana 70 in suna son bincike. Kada ku buga kati sai wannan ya kammala. Shaidu biyu ake bukata. Ka kuma faɗa wa mamarka cewa tun 2021 ana rubuta sunan uwa a takardar aure, nata ma zai shiga.

Masu cewa za ka zubar da al'ada, ka tambaye su farar rigar amarya ta wace kaka ce. Sarauniya Biktoriya ce ta sa ta yi tashe da aurenta a 1840, har ta iso mana. Mu 'yan Wusasa, tun da mishan ya koma nan a 1929, a cocin ginin ƙasa irin na Hausawa muke sa zobe, mu fito mu yi guɗa da kai amarya. Aurenmu dama haɗe yake.

Ranar biki ka gargaɗi mutanenmu da kyau. A can kujera da faranti a ƙirge suke, kowa da sunansa a teburi, ba a jawo aboki a ce ai gidan biki ne. Za a kawo giya a walima, kada wani ya tsuke fuska. Su kuma ka yi musu bayanin liƙi tun da wuri, kar uwar amarya ta ga ana manna wa 'yarta kuɗi a goshi ta rasa inda za ta sa kanta. Kai ma za ka tashi ka yi jawabi bayan ubanta, haka suke yi. Ka gode wa iyayenta, ka ambaci naka.

Bayan biki ne aikin yake. Ba jere, ba gara, ba wata inna da za ta cika muku ɗaki da buhun shinkafa da jarkar mai. A can ku ne za ku rubuta jerin kayan da kuke so a ba ku kyauta, abin da baƙi suka saya daga ciki, shi ke nan. Ku biyu kuna aiki, saboda haka wanda ya riga dawowa shi ke ɗora tukunya, kuma kada in ji ka ce ba a saba ba, mamarka ta koya maka tuƙa tuwo.

Kuɗin da kake turowa gida duk wata, na makarantar ƙannenka da maganin babanka, ka zaunar da ita ka faɗa mata nawa ne, tun kafin ranar coci. A wurinsu ba a saba ɗa ya ɗauki nauyin gidansu haka ba, in ta gano da kanta za ta ga ɓoye mata ka yi. Haka in wani namu zai sauka a gidanku, ku yanke kwanakin tare kafin ya hau jirgi. Ita kuma ka koya mata ta ce Baba da Mama, kada ta kama sunan surukanta yadda suke yi can. Durƙuso ba dole ba ne, in ta yi za a ji daɗi.

In kun samu hutu ku zo a yi sujadar godiya a nan, Zumuntar Mata sun riga sun fara maganar anko. Ka turo min awonta a makon nan, tela yana da aiki da yawa kafin Kirsimeti. Kuma babanka ya fara jin ranar da aka sa kafin ka rubuta ta a Facebook.

Goggonka