Na amince mu koma Tawa, amma kuka nake kwana yi

Tambaya: Likita, ina gaishe ki. Ma'aikaciyar gwamnati ce ni a Yamai, yarana uku, ƙaramin yana shan nono. Mahaifin maigidana ya rasu, maigidan nawa kuma shi ne babba a gidansu, muka yanke shawarar in ajiye aiki mu koma Tawa. Da yardata ne, har murna na yi yara za su tashi cikin dangi. Amma tun da na fara ɗaure kaya barci ya ƙaurace mini, da na tuna wurin aiki sai hawaye. Gwaggona ta ce sammu aka yi mini, maƙwabciyata kuma ta ba ni ƙwayar D5 in riƙa sha da dare. Haukacewa nake yi, ko butulci nake wa Allah?

Amsa: Allah ya jiƙan surukinki, ya ba ku haƙuri. Ƴar'uwa, ba hauka ba ce, ba kuma butulci ba. Albashinki za ki bari, da abokan aiki, da girman da kika yi shekaru kina nema wa kanki, ki koma gidan da za a san ki da matar wane kawai. Murnar gaskiya ce, kukan ma gaskiya ne, zuciya ɗaya tana iya ɗaukar su duka.

Ƙwayar nan ce ta tayar mini da hankali. D5 diazepam ne, maganin kwantar da hankali da sa barci, kuma mutane sun ɗauke shi tamkar parasetamol. Kusan kullum sai mace ta zauna gabana ta kwance bakin zane ta fito da shi, an yanko da almakashi, ba kwali, ba ranar lalacewa, an saye wurin mai talla da ya yini yana yawo da shi cikin rana. Wai ai maganin barci ne kawai. Wa ya faɗa muku? Likita ma in ya rubuta shi, ba ya so a wuce mako 2 zuwa 4, domin jiki yana sabawa da shi: ɗaya ta daina aiki a koma biyu, ran da aka rasa kuwa sai rawar jiki da faɗuwar gaba, wani har farfaɗiya. Daga nan sai gwaggo ta ce kin gani, sammun ne ya motsa, a kwashe ki sai gidan boka, ya karɓi tunkiya ya turara ki da hayaƙi. Shi ya ci, mai ƙwaya ya ci, ke kuma ciwonki yana nan inda yake. Ban hana addu'a ba, ki yi ta, amma mai cewa ki kawo kuɗi ya tone abin da aka binne miki ɗan kasuwa ne.

Kuma kina shayarwa. Maganin yana bi ta nono, jariri ya yi ta barci, ya rage tsotso, gida a yi ta yabon yaro ba shi da rigima. In ƴan kwanaki kaɗan kika sha, ki bari yau. In kin yi makonni kina sha kowane dare, kada ki yanke lokaci guda, likita ne zai rage miki sannu a hankali.

Ki lura da kanki: in baƙin cikin ya cika mako 2 ba sauƙi, abinci ba ya shiga, ba abin da ke ba ki sha'awa, to ya wuce alhinin rabuwa, musamman ga mai goyo. Ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai. In tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, a ranar za ki je.

Kafin ki miƙa takardar ajiye aiki, ki tambayi ma'aikatarku batun disponibilite, wato dakatar da aiki na wani lokaci ba albashi, da damar dawowa. Takardun suna jan ƙafa, don haka ki fara bi tun yanzu, kada kuma ki tafi ba amsa a rubuce. Yara kuwa a tashe su cikin dogon hutu, su fara lakwal a Tawa da Oktoba, ki riƙe takardun makarantarsu da katin rigakafin ƙaramin a jakar hannunki.