Aikin ƙirga tsuntsaye da ƙwari a gona

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ya karanci aikin gona zai iya wannan aikin na ɗan lokaci, da abin da ake yi a cikinsa. Zai iya, in dai yana da haƙuri da kunne.

Kunnen nan shi ne babba. Da asuba ake fita, kafin rana ta ɗaga tsuntsaye su yi shiru. Za ka tsaya a wuri guda minti 5 ko 10, ka rubuta duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa, sannan ka matsa gaba. Idan dawa ta yi tsawo, yawancinsu ba za ka gan su ba, sai dai ka gane muryarsu. Don haka fara koyon kukansu tun yanzu, ba na kurciya da balbela kaɗai ba.

Ƙwari kuwa da raga ake kaɗo su, ko a binne kofi daidai da ƙasa su faɗa ciki, a zuba su a kwalba da sifirit, a rubuta rana da wuri. Wannan rubutun kada ka yi wasa da shi. Irin wannan sa ido ne ke nuna inda tsuntsayen jan-baki ke taruwa, da yadda tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ke yaɗuwa.

Aikin damina ne, akwai taɓo da sauro, kuma sai ka nemi izinin mai gona kafin ka shiga. In kana son horo, nemi cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos.