Ba na shan giya, zan iya bin abokan aiki gonakin inabi na Stellenbosch?

Malam, in na fahimce ka, kana aiki a Cape Town, abokan aikinka sun shirya hutun ƙarshen mako a gonakin da ake haɗa giyar inabi, kai kuma ba ka sha, kana tunanin ko zuwan zai yi maka amfani.

Wurin yana da abin kallo ko ba ka taɓa kwalba ba. Stellenbosch tsohon gari ne, an kafa shi a 1679, kilomita 50 ne daga Cape Town, ga duwatsu ga gine-ginen Turawan Holan. A gonar Babylonstoren, kusa da garin Franschhoek, lambun kaɗai ya isa ya cinye maka yini. Daga Janairu zuwa Maris ake girbi, lokacin ne gonakin suka fi armashi.

Inda mutane ke kuskure shi ne abin sha. Gonaki da dama suna ba da ruwan inabi zalla, amma ka tambaya tun wajen kama wuri. Kwalbar da aka ce an cire mata barasa akan samu ragowar barasa a cikinta har kusan kashi 0.5 cikin ɗari, sai ka karanta jikinta. Abinci ma haka, ana zuba giya a miya, naman alade kuma ba ya wuya a farantin cuku. Ni da zan je, guzuri zan yi daga Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi a Cape Town.

Kuma ka shirya, kai za su miƙa wa makullin mota a dawowa.

Batun zama a teburin da ake sha kuwa, wannan na malamai ne. Ka tuntuɓi limaminku kafin ka amsa gayyatar.